Kafin Ka Sa wa Na'ura Baki: Yadda Ake Tsara Muryar da Ke Hira da Mutane

Wanda ya tashi gina na'urar da mutane za su yi magana da ita ta amsa musu, yawanci muryar ce ke fara ɗaukar hankalinsa: ta mace ce ko ta namiji, tana da zaƙi, tana fidda haruffa tas. Wannan aikin ƙarshe ne, kuma shi ya fi sauƙi. Inda wahalar take shi ne sauraro, da sanin abin da za a ce idan ba a ji da kyau ba, da gane lokacin da ya kamata na'ura ta ja gefe ta miƙa wa mutum wayar. Don kada bayanin ya tsaya a iska, zan ɗauki misali guda in bi shi: layin waya na ƙaramin asibiti, inda mai juna biyu za ta kira ta ji ranar awonta, ko ta nemi a ɗage mata.

Abin da ke cikin irin wannan na'ura sassa uku ne. Akwai mai ji, wanda ke mayar da sauti rubutu. Akwai mai fahimta, wanda ke gano abin da ake so ya yanke abin da za a yi. Sai mai faɗa, wanda ke mayar da amsa murya. Sana'ar ta daɗe. Tun 1952 injiniyoyin Bell Labs a Amurka suka ƙera Audrey, wadda lambobi kawai take ganewa, daga sifiri zuwa tara. Siri ta shigo wayar iPhone a 2011, Alexa ta biyo a 2014, yanzu kuma ƙirƙirarriyar basira ta sa na'ura na iya zuba zance ba gargada. Sai dai ƙwarewar na'ura wajen magana ba ta ɗauke wa mai tsarawa aikinsa ba. Ƙara masa ma ta yi, domin wadda ta iya zance ta fi saurin sa mutum ya yarda da ita.

Fara da kujera, ba da kwamfuta ba

Zaɓi aiki ɗaya tak, wanda za ka iya faɗa da numfashi guda: jin ranar awo da ɗage ta. Duk abin da ya wuce wannan, a ajiye shi tukuna. Daga nan ka nemi izini ka ja kujera kusa da wadda ke yin aikin a yanzu, wato malamar asibiti ko mai ba da kati, ka zauna kana saurare kana rubutawa. Abin da kake nema shi ne yadda mutane ke faɗin buƙatarsu da bakinsu. Da wuya ka ji wata ta ce tana son sauya ranar ganin likita. Abin da za ka ji shi ne: “Malama, yaushe ne zan dawo?” ko “Maigida ya yi tafiya, Talatar nan ba zan samu fitowa ba,” ko “Katin nawa ne yara suka yaga.” Waɗannan su ne kayan ginin. Ka lura kuma da abin da malamar ke yi ba tare da ta sani ba, yadda take tsallake tambayar da aka riga aka amsa a cikin zance, da yadda take sauya murya idan ta ji alamar damuwa.

Sai ka rubuta hirar a takarda, kamar wasan kwaikwayon rediyo. Ka samu mutum biyu su juya wa juna baya su karanta da ƙarfi. Juya bayan yana da dalili, domin a waya babu gyaɗa kai, babu nuni da hannu. Duk jimlar da mai karatu ya sarƙe a cikinta, ko ya tsaya jan numfashi a tsakiya, ta yi tsawo. A yanke ta.

Mataki na gaba shi na fi ba muhimmanci, kuma shi aka fi tsallakewa. Kafin a rubuta layin manhaja ko ɗaya, a sa mutum ya zama na'urar. Ya zauna a wani ɗaki da jerin amsoshin da aka naɗa, mai gwaji ta kira, shi kuma ya riƙa danna amsar da ta dace. Masu sana'ar suna kiran wannan dabara Wizard of Oz, daga labarin nan na mutumin da ke ɓoye a bayan labule yana sarrafa wata babbar murya, kuma John F. Kelley ne ya raɗa mata sunan wajen 1980, lokacin yana bincike a Jami'ar Johns Hopkins. Da wayoyi biyu da 'yan kwanaki za ka gano inda mutane ke ruɗewa, inda suke yin shiru, da tambayoyin da ba su zo maka a rai ba. Gyara a wannan lokaci alƙalami kawai yake ci. In an gama, a faɗa wa masu gwajin gaskiya cewa mutum ne ke danna amsa. Haƙƙinsu ne su sani.

Yadda hirar za ta gudana

Ga yadda zan so kiran ya kasance:

Na'ura: Assalamu alaikum. Nan layin awo ne na asibiti. Na'ura ce ke magana, ba mutum ba. Kuna son jin ranar awo ne, ko ɗage ta?

Mai kira: Wa alaikumus salam, ina wuni. Dama Talatar nan ce ba zan samu zuwa ba.

Na'ura: Lafiya lau. To, a ɗage ke nan. Akwai wuri ranar Alhamis da safe, akwai kuma Litinin ta sama. Wacce ta fi?

Mai kira: Alhamis ɗin.

Na'ura: Alhamis, sha biyu ga wata, da safe. An rubuta. Allah ya kai mu.

Gajeriya ce, amma kusan kowace kalma da dalilinta. Na'urar ta ce “kuna”, domin Hausa ba ta barin ka yi wa mutum ɗaya magana sai ka zaɓi “ka” ko “ki”, kuma a layin awo mai kiran yana iya zama miji, ko uwar miji, ko ƙanwa. “Ku” ta girmamawa ta raba gardama. Kada a sa ta riƙa cankar laƙabi, tana kiran kowa Hajiya ko Alhaji. Ta kuma amsa gaisuwa. Bahaushiya ba za ta faɗa cikin buƙatarta ba gaisuwa ba, kuma na'urar da ta ji “ina wuni” ta ce ba ta gane ba, ta zubar da mutuncinta tun kafin a fara. A shirya mata amsar sallama da ta gajiya da ta gida, a taƙaice, sannan ta dawo kan aiki.

Zaɓi biyu ta bayar. Uku shi ne iyaka. Ido yana iya komawa saman takarda ya sake karantawa, kunne ba ya iya komawa baya, don haka duk jerin da ya kai biyar ko shida, kafin a zo ƙarshe an manta na farko. Tambayar kuma ta zo a ƙarshen magana, domin mutum yana jin tambaya zai fara amsawa, duk abin da aka ƙara bayanta ya bi iska. Masanin falsafa Paul Grice ya fayyace tun 1975 cewa masu hira suna tsammanin abu huɗu daga juna: gaskiya, bayani daidai gwargwado, abin da ya shafi zancen, da faɗa a sarari. Na biyun ne na'urori suka fi karyawa. Suna cika surutu.

Akwai tarko biyu da sai mai jin harshen zai gani. Na farko tambayar korewa. In na'ura ta ce “Ba ku zo awon wancan watan ba?” aka ce mata “e”, abin da ake nufi shi ne ba a zo ba, alhali manhajar da aka gina bisa tsarin Turanci tana iya rubuta cewa an zo. A kauce wa irin wannan tambaya ɗungurungum. Na biyu kalmar “to”. Tana iya nufin na yarda, tana iya nufin na ji, tana iya nufin ci gaba ina saurare, wani lokaci ma kara ce kawai ta wadda ke jin nauyin cewa a'a. Idan abin da za a yi mai sauƙin warwarewa ne, maimaita shi cikin zance ya wadatar, kamar yadda aka yi da Alhamis. Idan kuwa soke wani abu ne ko tura kuɗi, sai an tambaya ƙarara an samu “e” ko “a'a”. Magana zarar bunu ce, kuma ta wajen na'ura aikatawa take zama nan take.

Sai batun lokaci. A 2009 Tanya Stivers da abokan aikinta sun auna hirar yau da kullum a harsuna goma, suka tarar tazarar da ke tsakanin tambaya da amsa, a matsakaici, kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ce. Japanawa suka fi sauri, 'yan Danmak kan kai kusan rabin daƙiƙa. Ke nan in na'ura ta yi shiru na daƙiƙa biyu, mai kira zai ɗauka layi ya yanke, ya fara “Hello, kuna ji na?”, ita kuma ta ɗauki wannan a matsayin sabuwar magana, komai ya dagule. In tana buƙatar lokaci ta ce “Bari in duba.” Ta ɗaya gefen kuma, kada ta yi gaggawar karɓe magana. Dattijuwa na iya tsayawa tsakiyar jimla tana tuno rana, mai karanto lambar kati takan faɗa rukuni-rukuni tana hutawa. A tsawaita jira a irin waɗannan wurare. A kuma bar mutum ya iya katse na'ura duk lokacin da ya ga dama, domin kowane minti katin wayarsa yake ci.

Idan ba ta gane ba

A nan ake sanin gwani. Kuskure iri uku ne, kowanne da maganinsa: ba a ce komai ba, an faɗa ba ta ji ba, ko ta ji sarai amma abin ba ya cikin aikinta. A dukkansu laifin na na'ura ne, kuma ita za ta ɗauka. Ta ce “Ban ji da kyau ba,” kada ta ce “Ba ku faɗa daidai ba.” Matar da ba ta yi boko ba dama tana shigowa da fargabar cewa abin ya fi ƙarfinta, kalma ɗaya ta zargi ta isa ta kashe waya ba ta sake kira ba.

Kada a maimaita tambaya da kalmomin da aka yi ta farko. Karo na biyu a ƙuntata ta: “Alhamis ko Litinin?” Karo na uku a ba da hanyar danna lamba. Wannan ba koma baya ba ne. A jihar Gujarat ta Indiya, masu bincike daga Jami'ar Stanford da kamfanin IBM da suka gina wa manoma layin Avaaj Otalo sun gwada hanyoyin biyu, sakamakon da suka fitar a 2009 ya nuna manoman sun fi kammala abin da suka kira dominsa ta danna lamba fiye da ta magana. Fasahar ji ta ci gaba sosai tun daga lokacin, amma ƙarar janareto da injin markaɗe da kukan yaro suna nan. In duk an yi ba a dace ba, a haɗa mai kira da mutum, tare da abin da aka riga aka fahimta, don kada a sa ta sake bayani daga farko. In babu kowa a lokacin, a faɗi yaushe za a kira ta, a kuma cika.

Akwai kalmomin da jinsu kawai ya isa a tsayar da komai. A layin awo, duk wadda ta ambaci zubar jini, ko jijjiga, ko ciwon kai mai tsanani, ko ta ce faya ta fashe, na'ura ba ta da sauran zancen rana. Ta ce a nufi asibiti yanzu, ta haɗa ta da malama. Ma'aikatan lafiya ne za su rubuta wannan jeri, da duk hanyoyin da mata ke faɗinsa a sakaye. Ina kuma da tsattsauran ra'ayi kan sababbin manhajojin basira masu iya amsa kowace tambaya: a irin wannan layi kada a sake musu linzami. Sukan ƙirƙiro amsa su faɗe ta da cikakken tabbaci. Ranar awo daga rajistar asibiti za ta fito, zancen magani kuwa na ma'aikaci ne. Alhakin yana wuyan mai layin. A 2024 wata kotun ƙananan ƙararraki a Kanada ta ɗora wa Air Canada biyan diyya saboda bayanin kuskure da manhajar hirarsa ta ba wani fasinja game da rangwamen tikiti, ta yi watsi da hujjar kamfanin cewa manhajar ce ke da alhakin maganarta.

Muryar wa take ji?

Na'ura tana jin irin muryoyin da aka horar da ita a kansu ne. A 2020 Allison Koenecke da abokan aikinta a Stanford sun gwada manhajojin ji na Amazon, Apple, Google, IBM da Microsoft, suka samu kuskuren kalma 19 cikin 100 a maganar fararen Amurka, 35 cikin 100 a ta baƙaƙe. Wannan duk cikin Turanci ne, harshen da aka fi zuba wa kuɗi. Ga Hausa, gwaji da muryar matasa maza 'yan birni a ofis mai sanyi bai nuna komai ba. A gwada da Basakkwaciya da Bakatsiniya da 'yar Damagaram, da tsofaffi, da waɗanda Hausar aro ce gare su, da masu cuɗa ta da Turanci ko Faransanci. A gwada ta ƙaramar waya a kan layin kira na gaske, domin layin yana yanke wani ɓangare na sauti. Sakamakon kuma a raba shi rukuni-rukuni. Jimillar adadi tana ɓoye waɗanda aka bari a baya. Shirin Common Voice na Mozilla, wanda aka fara a 2017, yana tara muryoyin sa kai har da na Hausa, kuma wuri ne mai kyau na farawa, amma yawancinsa karatun jimloli ne, ba hirar waya ba. Dole ka tara naka, da izinin masu shi.

Lissafi ma na da nasa. Mutane suna cewa jibi, gata, bayan la'asar, da hantsi, ranar kasuwa. In layin ya shafi kuɗi, a tuna cewa a Nijar da dala ake ƙirge, dala ɗaya tamma biyar ce, don haka “ɗari” a bakin ɗan Maraɗi sefa 500 ke nan. Na'urar da ba a koya wa wannan ba za ta yi kuskure ninki biyar tana ganin daidai ta ji.

Wajen faɗa kuwa, rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, shi ya sa muryar roba kan rikita garin da ake zama da garin tuwo. In jimlolin layin ba su da yawa, ni dai shawarata a naɗi muryar mutum na gaske. A rubuta yarjejeniya da mai muryar: inda za a yi amfani da ita, zuwa yaushe, da cewa ba za a kwafe ta a sa ta faɗi abin da ba ta faɗa ba.

Amanar da ke cikin murya

A 1966 Joseph Weizenbaum na MIT ya fitar da ELIZA, ƙaramar manhaja da ke juya wa mutum maganarsa ta zama tambaya. Ya ba da labarin yadda sakatariyarsa, wadda ta ga yadda aka gina abin, ta nemi ya fita daga ɗakin don ta yi hira da ita a keɓe. Abin ya dame shi har ya rubuta littafi a 1976 yana jan kunne. Wannan da rubutu ne ma. Daga baya Clifford Nass na Stanford ya nuna ta gwaje-gwaje cewa mutane na yi wa kwamfuta ladabi, suna kuma ɗora wa murya jinsi da hali ko da sun san na'ura ce. Saboda haka ne na sa “na'ura ce ke magana” tun a farkon kiran. A watan Mayun 2018 Google ya nuna shirinsa Duplex yana kiran shagon gyaran gashi, har da ɗan gunaguni irin na mai saurare, ba tare da an ji ya bayyana kansa ba. Suka ta yi yawa, kamfanin ya ce nan gaba zai riƙa sanarwa. Na'ura ta yi ladabi da taushin harshe, amma kada a sa ta ce ta yi kewar wani ko tana jin zafin ciwonsa. Wanda kaɗaici ya dama zai iya gaskatawa.

Zaɓin jinsin murya ma ba ƙaramin abu ba ne. Rahoton UNESCO na 2019 ya soki yadda aka mayar da muryar mace ta zama ta mai hidimar da ba ta musu ko an ci mutuncinta, kuma a 2021 Apple ya daina zaɓa wa mutum muryar Siri, ya bar shi ya zaɓa. A layin awo muryar mace na iya fi dacewa, domin mata sun fi sakewa da ita, amma matan za a tambaya. In wani ya yi wa na'urar batsa, ta ce ba za ta ci gaba a haka ba, kada ta mayar da shi wasa.

Sirri ne ya fi ba ni tsoro. A 2018, a Portland ta Amurka, wata na'urar Echo ta kamfanin Amazon ta naɗi hirar mata da miji a gidansu ta aika wa wani da ke cikin jerin lambobinsu. A 2019 ta bayyana cewa Amazon da Google da Apple duk suna da ma'aikata masu sauraron wasu daga cikin naɗe-naɗen, abin da yawancin masu amfani ba su sani ba. A 2023 Amazon ya amince ya biya dalar Amurka miliyan 25 kan zargin ajiye muryoyin yara fiye da ƙima. Sauraron naɗi yana da amfani wajen gyara, amma a faɗa a fili, a nemi izini da murya, a sa ranar gogewa, a kuma taƙaita masu ji. A Najeriya akwai Dokar Kare Bayanai ta 2023, wadda ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kulawa ta musamman. Abin da doka ba za ta gani ba shi ne waya ɗaya a gida guda. Wayar na iya zama ta miji, ana iya sa ta a sifika a tsakar gida, ga kishiya ga baƙi, ga kuma mace mai ƙaramin ciki da ba ta so a sani tukuna. In na'ura ce ta kira don tunatarwa, ta fara da cewa saƙo ne daga asibiti, ta tambaya ko mai shi na kusa kuma ko yanzu ya dace, kafin ta ambaci awo. Tun ranar rajista kuma a shaida wa kowa cewa layin ba zai taɓa neman kuɗi ko lambar sirri ba, domin kwaikwayon murya ya yi araha, 'yan damfara kuma sun riga sun fara amfani da shi.

Bayan an buɗe layin, kada a auna nasara da yawan kira ko tsawonsa. Dogon kira sau da yawa alamar ruɗewa ne. A duba ko wadda aka ba Alhamis ta zo ranar Alhamis, da yawan waɗanda suka kashe waya a tsakiya, da daidai wurin da suka kashe. Kowane mako a zauna da malamar nan da aka fara da ita, a saurari kiran da suka lalace cikin waɗanda aka ba da izinin naɗa, a gyara jimla ɗaya ko biyu, a sake gwadawa. A ba ta ikon cewa a rufe wani sashe in ta ga yana cutarwa, a kuma biya ta lokacin da take bayarwa, domin duk kiran da na'ura ta kasa, kanta yake dawowa.